Majigin da Ya Tona Asirin Ni-Kaɗai

An yi wani mutum, malamin jami'a, da aka wayi gari ya tokare ƙofar ɗakin jarrabawa da hannu ɗaya, yana ta sa-in-sa da abokiyar aikinsa a gaban ɗalibai.

"Dakta, ka bar ni in zauna can baya mana," in ji ta. "Ido biyu ya fi ɗaya. Ko majigin nan in saita maka kafin a fara."

"Malama, takardar izini da sunan wa ta fito? Ni na yi horon, ni aka ba kalmar sirri. Ki je ki sha shayinki, kada ya huce."

"Haka ka ce?"

"Ni kaɗai na isa."

Wannan kalma ba ranar ya fara faɗinta ba. Shi ya sa ɗalibai suka raɗa masa Ni-Kaɗai, har matarsa ta ji sunan a bakin maƙwabta ta yi kamar ba ta ji ba. Malama ta gyara mayafinta ta juya, takalminta na ƙwas-ƙwas a baranda.

Ya 'yan uwa, jarrabawar yanzu ba irin wadda muka sani ba ce. Ba takarda, ba biro. Ɗaki ne makeke, kwamfutoci jere kamar ɗinki, kowane ɗalibi da tasa. Wayoyi da jakunkuna duk a bar su a bakin ƙofa. Malami na zaune a gaba yana fuskantar jama'a, da 'yar kwamfutarsa a kan tebur, ita ce uwar sauran. Daga nan yake buɗe wa kowa tambayoyi, daga nan yake rufewa. In ya ga dama ya ƙara wa mutum lokaci, in ya ga dama ya yanke. Ikon Allah! Ɗan yatsa ɗaya, ga wahalar shekaru ta ɗan mutane a ƙarƙashinsa.

An ba shi wannan iko ne don in kwamfutar wani ta tsaya a rama masa lokacinsa. Shi kuwa sai ya gano wuƙar tana yanka ta ɗaya gefen. Ɗalibin da ya yi masa tambayar da ta fi ƙarfinsa a aji, wanda bai rusuna da kyau ba a hanya, wanda ya yi dariya ranar da motarsa ta ƙi tashi, duk yana ajiye su a ransa. Ran jarrabawa sai allon mutum ya yi baƙi ana tsakiyar aiki. In ya zo yana kuka, Dakta ya girgiza kai cikin tausayi ya ce, "Sabis ne, ɗana. Sai haƙuri." Wa zai yi shari'a da sabis? Ina gidansa yake?

To, a ajin nan akwai wata da ake ce wa Maijego, don da goyo take zuwa karatu. Laifinta ɗaya. Da Dakta ya daɗe bai leƙo aji ba, 'yan ajin suka je wurin shugaban sashe, maza suka yi ta sosa ƙeya, ita ta buɗe baki ta faɗi abin da ya kawo su. Sau biyu tana faɗuwa wannan darasi saboda laulayi da haihuwa. Wannan ne zama na ƙarshe. In ta faɗi, sai gida. Ranar jarrabawar, ƙanwarta na waje a inuwa tana jijjiga jaririn.

Dakta ya rufe ƙofa. Ya ɗauki waya ya haɗa kwamfutarsa da majigi da kansa, don agogon jarrabawa ya fito a farin allon da ke bango kowa ya riƙa ganin lokacin da ya rage. Ya waiwaya, ya ga agogo ya fito ɓaro-ɓaro. Ya zauna, ya juya wa allon baya.

Abin da bai sani ba, saiti biyu ne. Akwai wanda bango ke nuna agogo kawai, shi Malama ke yi masa duk shekara ba tare da ya taɓa tambaya ba. Akwai kuma wanda bango ke zama madubi, duk abin da ka buɗe a tebur shi ma ya buɗe. Na biyun ya yi.

Jarrabawa ta yi nisa. Ba ka jin komai sai ƙas-ƙas na yatsu da kukan fanka. Sai Dakta ya kau da agogo, ya buɗo shafin da ke da fuskokin ɗalibai. Wani yaro a layin gaba ya ɗaga kai don duba lokaci, sai ya ga fuskoki suna tafiya a bango. Ya taɓa na kusa da shi da gwiwar hannu. Kawuna suka fara ɗagowa, layi bayan layi, kamar dawa in iska ta bi ta kanta.

'Yar kibiyar nan ta linzamin kwamfuta tana yawo, tana yawo, har ta tsaya a kan Maijego. Hotonta ya cika bango, ya fi ƙofa girma. Ita kaɗai ce ba ta gani ba, kanta a sunkuye, tana ta fama.

Ƙas-ƙas ya ɗauke. Dakta ya ɗago ya ga ɗaruruwan idanu duk sun nufo inda yake, ba mai ƙiftawa. Ransa ya yi fari. Ya ce a zuci, yau dai sun san wane ne a gabansu. Har ya gyara zama, ya shafa gemu.

Ya rage mata lokaci. Sai na'urar ta fito da tambaya: ka tabbata?

Ku ji fa, 'yan uwa. Ƙarfe da waya, abin da ba rai, shi ma sai da ya buɗe masa ƙofar tuba. Kibiyar ta ɗan tsaya tsakanin e da a'a. Wata yarinya ta rufe bakinta da hannu biyu. Kibiyar ta gangara ta danna e.

Na'ura ta sake tambaya: mene ne dalili? Da haruffa masu girman hannun mutum bango ya rubuta: matsalar sabis.

Allon Maijego ya yi baƙi. Ta daddanna, ta ɗaga hannu. "Dakta, tawa ta mutu."

"Sabis ne, 'yata. Sai haƙuri."

Sai ga murya daga ƙofar baya, a hankali: "Dakta, waiwaya."

Shugaban sashe ne. Malama ce ta je ta kira shi, kan maganar korar da aka yi mata kawai, suka shigo ta baya don kada su ta da hankalin yara. Tun lokacin da hoton Maijego ya cika bango suke tsaye a wurin.

Ya waiwaya. Ga aikin hannunsa a bango, fari tas.

A take aka mayar wa Maijego lokacinta. Ta gama tana share hawaye da gefen mayafi, kuma ta ci. Shi kuwa kwamiti ya zauna a kansa. Da labari ya bazu, waɗanda sabis ya cinye a shekarun baya suka riƙa zuwa, wani daga shagon ɗinki, wani daga tuƙin haya. Wa zai ɗora wa? Kalmar sirri tasa ce, ɗakin shi kaɗai.

Malaman addini na gaya mana akwai ranar da za a rufe baki, hannu ya yi magana. Muna ji muna gyangyaɗi. To ga shi Allah ya nuna ɗan samfuri tun a duniya, da majigi. Kai mai riƙe da mabuɗin wani, ke mai auna wa wata, kun tabbata ba allo a bayanku? Wanda ke ce maka bari in zauna a baya in duba maka, rahama ce aka aiko maka, kada ka kore ta. Allah ya rufa mana asiri, ya kiyaye mu da sharrin hannayenmu.

Ana gobe kwamiti zai yanke hukunci, ya je ofishin Malama, hula a hannu.

"Malama, ki taimake ni don Allah. Ki ce musu ke kika saita, na'urar ce ta rikice. Ina da iyali."

Ta ɗauki jakarta, ta tura masa kofin da ke kan tebur.

"Ga shayi nan, Dakta, kada ya huce. Ai kai kaɗai ka isa."

Ta fita ta bugo ƙofar, har labulen taga ya motsa.