Guɗar Da Ta Fito Daga Bakin Mu'allim Dahshan

Akwai wani mai gyaran agogo a birnin Iskandariyya na ƙasar Masar, wajen shekarar 1929, ana ce masa Usta Rizk. Gwani ne, wannan ba musu. Amma girman kai, wa'iyazubillahi!

A lokacin fim bebe ne, hoto kawai ake gani. Rizk ya shekara shida yana ƙera injin da zai haɗa majigi da garmaho su riƙa juyawa tare, bakin mutum na motsi, muryarsa na fita daga faifai. Injin nan guda ɗaya ne tak, kuma shi ne rayuwarsa.

Ƙanwarsa Nabawiyya ce ke liƙa masa zaren fim idan ya tsinke. Bai taɓa ce mata sannu ba.

Wanda ya ba shi ɗakin silima kuwa Mu'allim Dahshan ne, uban 'yan daban tashar jiragen ruwa, mutumin da ko gaisuwa da gora a hannu yake amsawa. Sharaɗinsa ɗaya: a fim ɗin da za a haska da injin, a nuna mata suna guɗa, sannan shi ya fito ya yi jawabi.

Ranar da za a nuna, da hantsi, ana gwaji sai zaren ya maƙale. Injin ya tauna kusan kamu huɗu, daidai wurin matan nan.

Nabawiyya ta ɗauko baƙin zare wanda ba hoto a jikinsa, ta fara awo.

"Me kike yi?" in ji Rizk.

"Cike gurbi, Yaya. Abin da aka yanke sai an mayar da tsawonsa, in ba haka ba hoto zai riga faifai."

"Allo ya yi duhu a gaban jama'a? A ce injin Rizk na ƙyafta ido? Yanke ki liƙa!"

"Yaya, faifai bai san an yanke ba. Shi tafiyarsa zai yi."

"Ke mai shafa gam, ni za ki koya wa injina?"

Tas! Ya ɗauke ta da mari, har leɓenta ya fashe. Ya hankaɗa ta waje, ya liƙa da kansa. Don tsabar isa, ko sake gwadawa bai yi ba.

Bayan la'asar ɗaki ya cika maƙil da masu dako da masunta. Dahshan na kujerar gaba, ya murza gashin baki, yaransa sun kewaye shi.

Fim ya fara lafiya. Da aka ji hoto na magana, wuri ya kaure da kabbara. Rizk na ɗakin majigi a sama yana hura hanci.

Sai aka zo wurin da ya yanke.

Matan suka ɓace. Ga fuskar Dahshan ta cika allo, ya ɗaga yatsa, ya wage baki. Me zai fito? Guɗa! "Ayyururui!" Siririya, mai zaƙi, irin ta gidan biki.

Wani daga baya ya ƙwala: "Allah ya ba da zaman lafiya, amarya!"

Jama'a, dariya har da masu faɗowa daga benci.

Dahshan ya ɗauki gorarsa. Ya miƙe, ya juya, ya sauke gora a kan na kusa da shi, jini ya yi tsartuwa. Nan take wuri ya hargitse. Benci na tashi sama, haƙora na zuba, mutane na tattake juna a bakin ƙofa.

Dahshan kuwa ya hau bene da yaransa uku. Da duka ɗaya suka ɓalle ƙofar ɗakin majigi.

"Mu'allim, tsaya in yi bayani..." in ji Rizk.

"Ni ka mayar mace, ɗan agogo?"

Suka fara da injin, a gaban idon Rizk. Aikin shekara shida ya koma tarkace kafin a ce kwabo. Rizk ya faɗa a kai yana kare shi da jikinsa, yana ihu. Suka finciko shi, suka danne. Dahshan ya haɗa tafukansa biyu ya buga masa a kunnuwa, ya sake, ya sake, har jini ya biyo wuyansa.

Ana haka sai ga Nabawiyya. Ashe ba ta tafi gida ba. Ta kutsa ta tsaya a kan yayanta, leɓe a kumbure, ashana a hannu ɗaya, naɗin fim a ɗayan.

"Mu'allim, ka san yadda abin nan ke cin wuta, ruwa ba ya kashe shi. Ka ƙara taɓa shi, wallahi mu ƙone gaba ɗaya."

Dahshan ya dubi idonta, ya ga ba wasa. Ya tofa yawu, ya ja yaransa suka sauka.

Ita ta ja Rizk har asibiti. Ya rayu, amma kunnuwan sun tafi ke nan. Injin ma bai sake ƙeruwa ba, don wanda ba ya ji ba zai iya daidaita murya ba. Wallahi abin da ban tausayi.

Bayan 'yan shekaru fina-finai masu magana suka cika gari, da injunan wasu. Wata rana Rizk ya roƙi ƙanwarsa ta kai shi silima. Ya zauna yana kallon bakuna na motsi. Can ya taɓa hannunta, ya tambaya da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin kansa:

"Nabawiyya, bakin da muryar sun yi daidai?"

Ta gyaɗa kai.

Ya rufe fuska ya fashe da kuka.

Darasi: Komai gwanintarka, ka saurari wanda ke riƙe maka ƙaramin aikin, don yana ganin abin da ba ka gani. Rizk ya ƙi jin magana minti ɗaya, ya rasa ji har abada. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila akwai wanda yau yake shirin raina gaskiyar na ƙasa da shi.