Eriyar da Ta Hana Mama Tafiya

Akwai wani malamin sakandare a Samarun Zariya, sunansa Othniel. Mutum ne mai kirki, sai dai hannunsa ya fi tunaninsa sauri.

Bayan rasuwar surukinsa, shi da matarsa Martina suka ɗauko mahaifiyarta, Mama Jemimah, daga ƙauyensu na wajen Giwa. Hawan jini gare ta, har ya taɓa kayar da ita a gona ba kowa a kusa. Likita ya ce kada a ƙara barin ta ita kaɗai.

Don kada kewa ta dame ta, Othniel ya sayo wata ƙatuwar talabijin ya manna a bangon falo. To, amma kun san iyayenmu da kunyar suruki! Da Mama ta ji ƙarar babur ɗinsa, sai ta tattara zani ta shige kicin. Ko ba ya nan ma, ba ta yarda ta zauna a falonsa. Gaisuwa daga bayan labule, sunansa kuwa bai taɓa fita daga bakinta ba, sai dai "maigidan nan". Wuni take a kan 'yar kujera, tana tsintar waken da ba shi da tsakuwa, tana kallon bango.

Wata Asabar da safe Martina ta same shi ido jawur.

"Mama ta ɗaure kayanta. Ta ce gobe bayan sujada a coci za ta koma ƙauye. Wai gara ta faɗi a inda take jin muryar mutane."

Ya san in ta koma ba mai kula da maganinta. Shi a nasa lissafin, idonta ne ba ya ganin talabijin ɗin sosai. Sai ya hau babur ya nufi shagunan unguwar PZ, zai sayo wadda ta fi ta girma.

Ya shiga shagon Madam Folasade, Bayarabiyar da aka haifa a Sabon Gari, Hausa a bakinta kamar jakin Kano. Ya nuna wadda ta fi kowace faɗi, ya zayyana mata damuwarsa.

Ta ce, "Malam, tsaya tukuna. Maman nan, a ina take wuni?"

"A kicin."

Ta tafa hannu tana dariya. "Haba Malam! Ni a gidan haya na tashi a Chikaji, cikin Hausawa. Uwar da ke kunyar suruki, ko sinima ka gina a falo ba za ta leƙa ba. Ka kai mata inda take mana."

Ta jawo wata 'yar ƙarama daga ƙasan kanta. "Wannan ta dijital ce, da kanta take kamo tashoshin gida, ba dikoda, ba biyan wata. Tsofaffin nan in suka ji ana biya, kashewa suke yi don su rage maka nauyi. Ga muryarta da ƙarfi, ko tukunya na tafasa za ta ji. Ka ɗora ta sama, nesa da murhu, saboda tururi da maiƙo."

Ya ɗauki eriyar cikin ɗaki, ta karɓe daga hannunsa. "Ƙarƙashin rufin kwano wannan ba za ta yi maka komai ba. Ɗauki ta waje, ka ɗaure a doguwar gora." Ta jona a shagon, ta kamo masa tashoshin, ta ce abin da ya rage juyawa ne kawai.

Othniel ya dube ta. "Madam, kin san kin rage wa kanki ciniki?"

"Na sani. Ciniki gobe ma akwai shi. Uwa fa?"

Da ya dawo gida Martina ta tafi koyon waƙa a coci. Ya kafa katako a kicin ya ɗora talabijin ɗin, Mama ta koma tsakar gida ta ba shi wuri. Ya ɗaure eriya a gora, ya hau tsani a bayan kicin. Nan fa ake yin ta: mai juya eriya ba ya ganin talabijin, dole sai da wani a ciki.

Ya yi gyaran murya. "Mama, don Allah ki taimake ni. Ki duba, in hoto ya fito ki faɗa mini."

Can ya ji takunta ta shiga. Ya juya gora a hankali.

Wata siririyar murya ta ce, "Babu."

Ya ƙara juyawa.

"Ya zo... a'a, ya tsaya cak. Ya tafi."

Ya sake murɗawa. Kwatsam sai ga kiɗan tulu, matan zumunta suna rera waƙa da Hausa, irin wadda Mama ta girma tana yi. Kafin ya riƙe, gora ta goce, waƙa ta ɗauke.

Jama'a, sai ga Mama ta manta da kunya! Ta leƙo ta taga tana ɗaga murya.

"Dawo da ita! Hagu, hagu! Kai Othniel, hagu na ce, ba ka san hagunka ba ne? Yawwa! Tsaya nan, ɗana, kada ka motsa!"

Saura ƙiris ya faɗo daga tsani. Ya rungume gorar nan, hawaye na zubo masa, yana ta faɗi a ransa, "Na gode, Ubangiji." Tun da ya auri Martina bai taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba.

Martina ta dawo ta tarar da Mama tana gardama da mai shirin noma a kan lokacin zuba taki. Kusa da ita ga wata kujera ta biyu, Othniel a kai, an ɗora masa tiren wake yana tsinta.

Washegari bayan sujada Mama ta kwance kayanta. Ta ciro ƙullin daddawar da ta yi niyyar tafiya da ita, ta ce a kai wa Bayarabiyar nan ta PZ, a ce ta gode.

Martina ta ce, "Mama, tafiyar fa?"

Ta harare ta. "In na tafi, ran da iska ta juya gorar nan, wa zai faɗa wa yaron nan hagu da dama?"

Darasi: Kafin ka yi wa mutum alheri, ka duba inda yake zaune, ka kai masa can. Ƙaramin abu a inda ya dace ya fi babba a inda ba a iya zuwa. Kuma ka gode wa wanda ya bar ribarsa ya faɗa maka gaskiya. In akwai tsoho a gidanku da ke wuni shiru, ku leƙa shi yau, sannan ku tura wa 'yan'uwa wannan labari su ma su amfana.