Hoton da Barista Ja'afaru Ya Ɗauka

Barista Ja'afaru lauya ne mazaunin unguwar Whalley Range a Manchester, kuma sakataren wata ƙungiyar Hausawa. Ba shi da mugunta. Aibinsa guda ne: abin da ya karanta a takarda, gani yake haka duniya take, kuma ba ya son a gyara masa.

A ƙarshen 2013 hukumar gari ta rufe zauren da suke taro, sai Dakta Zinatu, ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyar, ta karɓi taron a gidanta da ke Birmingham. Ta gayyato wata baƙuwa, Zarmina, malamar makaranta daga Afganistan. Gajeren kwas ya kawo ta jami'a a Birmingham, da niyyar ta koma ta tsaya takarar majalisar lardinsu.

Zarmina ta ce da ƙyar surukinta ya yarda da takarar, bisa sharaɗin kada a taɓa ganinta cikin baƙin maza. Don haka ta roƙi kada a ɗauki hotonta.

Ja'afaru ya gyara zama. "Malama, ai ƙasarku ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta kare haƙƙin mata tun 2003. Sashe na bakwai ya ba ki 'yancin takara. Me za ki ji wa tsoro?"

Zarmina ta yi murmushi. "Wa zai je ya karanta wa surukina sashe na bakwai? Kai?"

Aka yi dariya. Zinatu ta ce, "Barista, an ba ka amsa. Don Allah, no pictures, ajiye wayar nan."

Dariyar ta yi masa ciwo. Ya ɗauki hoton a ɓoye, ya sa a shafin ƙungiya na Facebook da cikakken sunanta, ya kira ta jaruma. A ransa yana cewa taimakonta yake yi.

Bayan wata biyu Zinatu ta zo Manchester da kanta. Ya ba ta kujera, ta ƙi zama. Ta ce da Zarmina ta koma gida, abokin hamayyarta ya buga hoton ya manna a kasuwa, yana cewa 'yan ƙasar waje ne suka turo ta. Surukin ya tilasta mata janyewa, ya kuma hana ta koyarwa.

"Zan kai ƙara Majalisar Ɗinkin Duniya," in ji Ja'afaru.

"Bismillah, Barista. Duba littafinka na doka."

Ya duba. Ashe ƙasar ba ta amince da ƙarin sashen da ke ba mace damar kai ƙara da kanta ba. Ya rufe littafin.

"Ta ba ni saƙo," in ji Zinatu. "Ta yafe maka. Amma kada ka sake rubuta sunanta a ko'ina, ko da a wasiƙar neman gafara ce."

Washegari ya ajiye muƙaminsa na sakataren ƙungiya.

Mai karatu, doka a takarda ba ta kare kowa sai an sami wanda zai tsaya mata a inda abin ke faruwa. Idan mai rauni ya gaya maka iyakar abin da zai iya ɗauka, ka yarda da shi, komai iliminka. Kai za ka koma gidanka lafiya, shi zai zauna da sakamakon.