Zakarun Cindo Uku da Tukunyar Tabawa

To jama'a, ku gyara zama, ga wata nan ta zo muku, kuma ba za ta tafi ba sai kun yanke mata hukunci.

A wani ƙauye an yi wani mutum, Cindo, mai gyaran keke. Allah ya jarabce shi da son zakaru. Guda uku ya tara a tsakar gida ɗaya, 'yan uwa ɗaya, ƙyanƙyasa ɗaya, ya sa musu suna kamar 'ya'ya. Da Dogo, wanda ba ya komai sai hawa kan rumbu ya ƙura wa sama ido, ka ce aikensa aka yi. Da Ɗan Gaye, mai baƙar yaudara: ya tsinci tsakuwa ya yi ta ƙut-ƙut-ƙut kamar ya samu gero, kaji su rugo, ya yi abin da ya kira su dominsa. Sai Jan Wuya, wanda ko inuwarsa ya gani a ruwan kwano sai ya kai mata sara.

Kajin kuwa na matarsa ne, Tabawa. Zakara uku a kan 'yan kaji ƙalilan, ai kun san sauran. Gadon bayan kowace ya zama sanƙo, ƙwai ya ɗauke. Wadda ta tsira da mutuncinta ita ce wata kaza wake-wake mai 'yan tsaki sababbi, ita kaɗai ta rage daga irin kajin marigayiya uwar Tabawa.

Ran nan Tabawa ta ce, "Malam, gobe Baba zai zo da ƙannensa. Biyu cikin zakarunka za su shiga tukunya. Zaɓi wanda za ka bari."

Cindo ya ce, "Haba uwargida, a raba 'yan'uwa?"

Ta ce, "Ba rabawa za a yi ba. Biyun ai tukunya ɗaya za su."

Cindo ya kwashi kayan gyaransa. Da hantsi ya zauna gindin zogale yana liƙin taya yana satar kallonsu. Wake-wake tana tsakiyar fili tana tono da 'ya'yanta, gari shiru.

Sai Dogo, daga kan rumbu, ya saki wata irin ƙara. Shi kaɗai ya hango shaho ya naɗe fiffike yana gangarowa ta saitin rana, ga shirwa a bayansa tana shawagi tana jiran rarar. Ba don wannan ƙarar ba, da sai dai a ga gashi yana tashi.

'Yan tsaki suka ruɗe, suka watse a fili, abin da shirwa ke so ke nan. Ɗan Gaye ya ruga bakin ƙarƙashin rumbu ya fara sana'arsa: ƙut-ƙut-ƙut! Babu ko ƙwayar gero a wurin, amma tsaki ina ya san ƙarya? Duk suka bi kiran suka shige, ya tare ƙofa da jela. Shirwa ta sauko ta wawuri ƙasa.

Shaho kuwa ya riga ya dafe bayan uwar, har ya fara ɗaga ta. Kafin Cindo ya zare hannu daga cikin taya, Jan Wuya ya iso. Faɗan da ya shekara yana nema yau ya samu. Ya kai ƙafa, ya kai baki, har shaho ya saki kaza ya yi sama. Jan Wuya ya dawo da ido ɗaya. Da an tafi da uwar, tsakin da ba su yi gashi ba wa zai rufe su? Sanyi kaɗai ya ishe su.

Tabawa ta fito da muciya a hannu, ta duba kazarta, ta duba tsaki, babu wanda ya ɓace. Har da 'yar ƙwalla. Ta watsa wa zakarun dawa cike da tafi.

Cindo ya washe baki ya ce, "Kin gani ko? Yanzu ai magana ta mutu."

Ta ce, "Na gani, Allah ya yi musu albarka. Amma Baba ba ya cin jarumta da tuwo, kuma bayan kajina bai tsiro gashi ba. Biyu, Malam."

Washegari ga Cindo tsugune bakin akurki, wuƙa a hannu, ruwa na tafasa, baƙi sun kusa. Ya dubi Dogo, ya dubi Ɗan Gaye, Jan Wuya ya dube shi da idon da ya rage.

Wanda zai ce a yanke duka ukun a huta, mun san yunwa ce ke damunsa, ya koma gefe. Ku sauran, ku taimaki Cindo: da wanda ya gani, da wanda ya ɓoye, da wanda ya ba da idonsa, wane ne a cikinsu ya cancanci ya yi cara gobe?