Kububuwa a Ƙarƙashin Dami Goma

Akwai wani manomi da ya girbe dawarsa, ya ɗaure ta dami goma, ya jera a shararren fili a bakin gona. Da matarsa ta kawo masa abincin rana, sai ta ga kububuwa ta sulale ta shige tsakanin dammunan.

Ta ce, "Maigida, maciji ya shiga ƙarƙashin ɗaya. Ban ga ko wanne ba ne, amma idona na wurin, bai fita ba."

Gaban mutumin ya faɗi, gama ya san wanda kububuwa ta sara da wuya ya kai gida da ƙafarsa. Ga shi kuwa dole a kwashe dawa kafin shanu su bi ta wurin. Ya samo doguwar sanda, ya tsaya nesa, ya ture dami na fari. Babu kome. Ya ɗauka ya kai amalanke. Haka na biyu, haka na uku.

Da ya kai na biyar sai ya ce a ransa, "Sau biyar ke nan ina tsira, ashe abin ba shi da haɗari." Ya yar da sandar, ya shiga sunkutar dami da hannu, har da 'yar waƙarsa. Kun ji wauta. Bai san kowane dami da ya kwashe lafiya, kusantar da shi yake yi ga macijin ba.

Ya kwashe takwas, ya sunkuya ya cusa hannu ƙarƙashin na tara.

Matar ta ce da shi, "Maigida, don Allah tsaya. Sa'ad da suke goma, tara ne babu kome, ga sanda a hannunka. Yanzu saura biyu, ɗaya da mutuwa a ciki, kai kuwa hannu tsirara."

Nan take ya gane. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba. Ya so ya janye hannun a hankali, amma ya riga ya taɓa wani abu mai sanyi, abin kuwa ya motsa.

Dawar nan ta shiga rumbu, amma shi bai ci tuwonta ba.

Ma'anar misalin nan ke nan, 'yan'uwa. Dammunan su ne kwanakin da Ubangiji ya ƙidaya wa kowannenmu, ranar mutuwa kuwa tana cikinsu. Kwanan da ka kwashe ba a mayar maka da shi cikin jeri. Wani yakan ce, "Shekara arba'in ina yin abin da na ga dama, me ya same ni?" Kaito, ɗan'uwa, ba tsira kake ta yi ba, ragowar ce take ƙarewa. Manomin nan ma ya fi ka, domin shi ya san saura biyu. Kai ba ka san saura nawa ba. Ka tuba yau, tun hannunka bai shiga ƙarƙashin na gobe ba.