Ƙafar Keken da Ba Ta Lalacewa

Akwai wani tsoho da ake kira Baba Ba-Wasa. Ya samo sunan ne tun yana aikin tsaron sito a wani kamfani, inda ya yi shekara da shekaru ba wanda ya taɓa ganin haƙorinsa. Ba ya zaman hira, ba ya zuwa wurin kowa sai da dalili. In ka gaishe shi ya amsa a taƙaice ya wuce. Kullum maganarsa ita ce, "Zaman banza na marasa aikin yi ne."

Matarsa ce bakinsa. Ita ke shiga maƙwabta, ita ke kawo masa labarin wanda ya haihu da wanda ya kwanta. Da Allah ya yi mata rasuwa, sai gidan ya yi tsit. 'Ya'ya duk sun watse neman abinci, sai Auta da ke aiki a wani ofis can ƙarshen gari, yakan leƙo in ya samu sarari.

Jama'a, kaɗaici ba ƙaramin ciwo ba ne. Baba zai dafa shayi, ya sauko da kofi biyu bisa sabo, sannan ya tuna ya mayar da ɗaya. Kujerarta na nan gefen taga ba mai zama. Wata rana yakan wuni bai furta kalma ko ɗaya ba, sai ƙarar agogon bango da rediyo mai shashsheka.

Abin da ya rage masa shi ne tsohon kekensa. Wata safiya ya faɗa rami da shi, ƙafar baya ta lanƙwashe. Dole ya tura shi zuwa rumfar wani mai gyaran keke a bakin titi, dattijo kamarsa, wanda ake wa laƙabi da Sannu-Sannu saboda ba ya gaggawa a aiki kuma bakinsa ba ya hutawa.

Sannu-Sannu ya juya ƙafar ya girgiza kai.

"Yallaɓai, wannan ta gama aiki. Ina da wata ta araha. Ba zan yi maka ƙarya ba, araha ba ta ado. Za ta kai ka inda za ka, amma wayoyinta sukan saki, sai ka riƙa kawowa ina ɗaure maka."

"Saka," in ji Baba.

"To zauna mana, ga benci. Ko tsayuwar ma aikin sito ce?"

Baba ya harare shi, amma ya zauna. Rumfar ba wani abin kallo ba ne: tsofaffin tayoyi a rataye, kwanon ruwa na neman huji, gwangwanin giris, da butar shayi da ta yi baƙi ƙirin. Sannu-Sannu ya kifa keken, yana ɗaura yana zuba, daga labarin ciwon gwiwarsa har zuwa surukinsa mai rowa. Kafin a gama, Baba ya sha shayi, har an ji ya ce, "Kai, wannan suruki naka ba dama."

Daga nan fa ƙafar ta zama kamar mai ciwon da ba ya warkewa. Bayan 'yan kwanaki sai ka ga Baba yana turo keke, ƙafar baya na rawa tana gugar birki. Sannu-Sannu ya ce, "Ta sake? Zauna." A wannan benci ne kaɗai a duniya Baba yake jin an kira shi, an tsokane shi, an jira amsarsa. Har dariya aka fara ji daga bakinsa, abin da mutanen layin suka ɗauka almara ce.

Ana nan sai Auta ya zo wata ranar hutu bai tarar da shi a gida ba. Maƙwabciya ta ce, "Yana wurin gyaran keke. Ai kusan kullum can yake wuni."

Ran Auta ya ɓaci. Ya nufi rumfar, ya tarar da mahaifinsa zaune cikin tsummokara da baƙin mai, kowa na wucewa yana kallo. Bai ko yi sallama ba ya dubi Sannu-Sannu.

"Malam, ka ji tsoron Allah. Ka liƙa wa tsoho ruɓaɓɓiyar ƙafa don ya riƙa yi maka sintiri? An ga mai fansho an samu saniyar tatsa ko?"

Sannu-Sannu ya ajiye abin da ke hannunsa ya dubi Baba. Kalma ɗaya daga bakin Baba ta isa ta kashe maganar. Amma Baba ya sunkuyar da kai, ya miƙe, ya karɓi kekensa ya nufi gida.

Washegari Auta ya dawo da sabuwar ƙafa daga wani babban shago, mai tsada, tana ƙyalli kamar madubi. Ya ɗaura da kansa, ya jefa tsohuwar bayan ɗakin ajiya.

"Baba, wannan ba ta lalacewa. Mai shagon ya rantse ko shekara nawa za ta yi ba za ta nemi gyara ba. Kai da wancan mutumin har abada."

"Allah ya yi albarka," in ji Baba, muryarsa can ƙasa.

Auta ya tafi yana jin ya yi abin kai. Kuma mai shago bai yi ƙarya ba, ƙafar nan ko gezau. Baba zai hau, ya bi ta gaban rumfar, ya rage gudu, ya ɗaga hannu, ya wuce. Ba shi da dalilin tsayawa, shi kuwa mutum ne da ya gwammace ya mutu da ya ce wa wani, "Na zo ne don ina kewarka." Ga kunyar abin da ɗansa ya yi a gabansa ya kasa tankawa.

Sannu a hankali ya daina bin layin. Daga baya ya daina fita gaba ɗaya. Keken na jingine a tsakar gida yana shan ƙura, Baba na ɗaki yana kallon kujerar gefen taga. Abinci ya koma sai an matsa, rigunansa suka fara yi masa yawa.

Auta ya kai shi asibiti, likita ya duba ya ce bai ga komai ba. Ya sayo magungunan ƙarin jini, ya sayo sabuwar rediyo. Duk a banza.

Wata rana da la'asar Auta ya shigo ba zato. Ya hango mahaifinsa durƙushe gaban keken, gumi na zuba. Yana riƙe da wani ɗan makulli na ƙarfe, irin wanda masu gyara ke ɗaure wayoyin ƙafa da shi, yana ta ƙoƙarin kama wayar sabuwar ƙafar. Makullin sai zamewa yake, domin kan wayoyin wannan a ɓoye suke, ba irin na tsohuwar ba.

"Baba, me kake yi?"

Tsohon ya zabura kamar yaron da aka kama da hannu cikin tukunya. Ya so ya ɓoye makullin, sai ya suɓuce masa ya faɗi ƙasa. Ya dubi makullin, sannan ya zauna daɓas.

"Ba ta kwancewa," ya ce. "Na yi, na yi, ta ƙi."

"To me ya sa za ka kwance ta?"

"Waccan sau biyu kawai ta saki da kanta. Sauran duk ni ne nake sassauta ta." Ya share ido da bakin riga. "Tun da mahaifiyarku ta tafi, ba wanda ke ce min zauna, sai shi."

Wallahi sai a lokacin Auta ya ga laifin kansa. Duk zuwan da yake yi, a tsaye yake ajiye kaya ya duba agogo ya juya. Bai taɓa tambayar tsohon nan da wa yake magana in gari ya waye ba.

Ya zagaya bayan ɗakin ajiya ya zaro tsohuwar ƙafar cikin yanar gizo da tsatsa, ya nufi rumfa da ita. Ya yi sallama, ya durƙusa har ƙasa gaban Sannu-Sannu.

"Baba, na zo neman gafara. Na zage ka a kan abin da ban sani ba. Ashe shi ne yake..."

"Na sani," in ji Sannu-Sannu. "Wayar da ta saki da kanta daban, wadda hannu ya kwance daban. Tun dawowarsa ta uku na gane."

"Me ya hana ka faɗa ranar da na ci mutuncinka?"

"In tona masa asiri a gaban ɗansa? Gara ka kira ni macuci." Ya karɓi ƙafar yana goge ta da tsumma. "Kuma kada ka ɗauka alfarma nake masa. Ni ma tawa matar ta rasu. Kana ganin surutun nan, in na rufe rumfa bango nake yi wa."

Auta ya koma gida ya cire mai tsadar, ya mayar da ta arahar. Ya ɗauki ɗan makullin daga ƙasa ya sa a tafin mahaifinsa.

Da safe aka ga Baba Ba-Wasa ya sa wankakkiyar riga yana turo keke, ƙafar baya na rawa fiye da kullum. Auta na biye da shi da ƙullin ganyen shayi da sukari. Sannu-Sannu ya kifa keken, ya juya ƙafar, ya tsuke fuska kamar gaske.

"Kai, Yallaɓai! Wannan karon ta lalace da yawa. Aikin nan zai kai mu yamma." Ya kaɗe ƙurar benci da hularsa. "Zauna."

Baba ya zauna, ya matsa gefe, ya dubi ɗansa ya nuna masa wurin da ya rage.

Darasi: Kafin ka canza wa mutum abin da kake gani na banza ne, tambaye shi amfanin da yake masa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ƙafar araha da ke kai ka wurin mutane ta fi mai tsadar da ta bar ka kai kaɗai. Iyayenmu ba kaya kawai suke buƙata ba, suna buƙatar mai zama da su. In naka suna raye, je ka zauna yau, sannan ka tura wannan labari ga wanda ya daɗe bai leƙa gida ba.