Yadda Aka Samo Wa Ɗan Tasalla Makwanci

Ga ta nan, ga ta nanku, ta biyo hanyar rafi da jiƙaƙƙen zane.

Ta zo mu ji ta, mun share mata wuri.

To, ku matso. Ke Hansai, sauke ƙafarki daga cinyata, ba kujerar kakanki ba ce. Duk inda na tambaye ku ko gado ya yi, ku amsa mini.

Wani manomi ne wai shi Nomau, da matarsa Tasalla, da uwarsa Iya Barmani, da wata Kyanwa tasu mai ƙiba wadda ba ta taɓa kama ko ɓera ɗaya ba. Tasalla ta sami cikin fari. Gidan iyayenta ya kamata ta je ta haihu, amma damina ce, kogin da ke tsakanin garuruwan ya cika ya batse. Ana jiran ruwa ya janye, ana jira, sai haihuwa ta zo ba sallama. Ta sauka lafiya, ɗa namiji, a gidan miji, a gaban uwar miji.

Ku yaran yanzu ba ku san kunyar ɗan fari ba. A da, mace ba ta kallon ɗanta na fari a gaban mutane, ba ta ɗaukarsa, ba ta faɗin sunansa. Uban ma haka yake yi. To Tasalla kunyarta ta fi ta kowa. Ko nono za ta ba shi sai Iya ta riƙe mata shi, ita kuwa ta juya fuska tana kallon bango. Da Iya ta tambaye ta inda za a kwantar da yaron, sai ta sunkuyar da kai.

"Duk inda kuka ga dama, Iya. Ni ina ruwana?"

Ƙarya take yi, ruwanta ne har wuya. Sonsa take kamar ranta, faɗi ne ba za ta iya ba.

Aka shimfiɗa masa tsumma a kan tabarma can bakin ƙofa. Yaro ya buɗe baki: inyaa, inyaa, inyaa. Ya wuni yana yi, ya kwana yana yi. Unguwarzoma ta zo ta duba shi, ta ce lafiyarsa ƙalau, barci ne ba ya samu. Ta ce jaririn da ba ya barci ba ya kama nono da ƙarfi, in aka ci gaba a haka kafin ranar suna zai tsotse ya lalace. Iya ta yi tagumi. Nomau ya tsaya a tsakar gida yana gyaran ƙotar fartanyar da ba abin da ya same ta.

Sai Kyanwa ta yi miƙa, ta zo ta goga jikinta a ƙafarsa. Ta ce, "Maigida, ni fa ina jin maganar jarirai. Kukanmu iri ɗaya ne."

Ba ta jin komai, makwanci mai daɗi take nema wa kanta. Amma Nomau ya duba dama da hagu, ya rage murya, ya ce me baƙon Iya yake cewa. Haka yake kiran ɗansa, baƙon Iya. Kyanwa ta ce a fara lasa mata man shanu, don kunnenta ba ya buɗewa da yunwa. Da ta lashe, ta ce yaro yana cewa ƙasa ta yi masa tauri, gadon sama yake so.

Nomau ya ce wa mutanen gida za shi gona. Kyanwa ta raka shi gindin kuka wurin Shamuwa. Shamuwa ta leƙo da dogon wuyanta, ta ji abin da ya kawo su, ta ce ai sun zo gidan gado. Ta ce ita 'ya'yanta a ƙolin bishiya suke barci, iska na kaɗa su, tururuwa ba ta isa gare su, kuma ba a taɓa jin kukan ko ɗaya ba. Ta jefo musu tsohuwar sheƙarta ta bara. Nomau ya kinkimo, ya ce a hanya ya tsinta. Aka sa ta a ragaya, aka rataye a tsakiyar ɗaki kamar ƙwaryar nono, aka ɗora yaro a ciki. Tasalla tana kwance, ta saci kallon sama, ta mayar da fuska bango.

Gado ya yi?

Bai yi ba!

Bai yi ba kam. Inyaa, inyaa, inyaa, har jinka tana amsawa. Aka sauko da yaro. Kafin a juya, Kyanwa ta yi tsalle ta naɗe a cikin sheƙar, wai tana duba inda aibin yake.

Washegari ta sake lasar man shanu, ta ce jiya hayaniya ce ta hana ta ji sosai, ashe wuri mai zurfi yake so, mai duhu. Nomau ya sake cewa za shi gona. Suka tafi wurin Kurege.

Kurege ya fito daga rami yana kakkaɓe gashin baki. Ya ce, "Shamuwa? Wadda ke tafiya ta bar gidanta rabin shekara? Me ta sani game da reno? A haƙa rami, a zuba ɓawon gyaɗa. Mu a kansa muka girma, dube ni."

Nomau ya ce ba shi da ɓawo, gyaɗar ce dai yake da ita a rumbu. Kurege ya ce wannan ba komai, don zumunci zai ɓare masa. Ya biyo su gida, ya zauna a gindin rumbu, ya ɓare kwando guda, ya cinye ƙwayar tas, ya miƙa wa Nomau ɓawon yana gyatsa. Aka haƙa ɗan rami a lungun ɗaki bayan randa, aka zuba ɓawo, aka rufa tsumma, aka kwantar da yaro. Daga gadon Tasalla ko ƙafarsa ba a hangowa.

Gado ya yi?

Bai yi ba!

Ina zai yi? Yaro ya motsa, ɓawo ya ce ƙaras, yaro ya firgita ya ƙara murya. Aka ɗauke shi, Kyanwa ta sami ɗaki na biyu. Da safe tana sama, da rana tana ƙasa.

Rana ta uku ta ce yanzu kam ta ji da kyau, gado mai lilo yake so. Suka je bakin tafki wurin Kunkuru. Kunkuru ya daɗe yana tunani, har Nomau ya zaci barci ya yi. Can ya ce akwai ƙoƙon bayan kakansa a ajiye, in aka juya shi aka taɓa sau ɗaya, sai ya wuni yana rausaya. Nomau ya ɗauko a ka. Wannan karon Iya ta ce a kai ɗakinta, ko mai jego ta huta. Aka sa yaro, aka taɓa ƙoƙo. Ya yi dama, ya yi hagu, ya yi dama, yaro ya amayar da ɗan nonon da ya sha.

Gado ya yi?

Bai yi ba!

Yanzu kukan ma ya canza. Muryar ta dushe, ba ta fita sosai, wuyansa ya yi siriri. Saura kwana biyu suna. Nomau ya kasa cin tuwo. Tasalla tana jiyo kukan daga ɗakin Iya, hawaye na zubo mata, in an shigo ta ce hayaƙi ne. Kyanwa kaɗai ke cikin daɗi, tana da gado uku.

Da hantsi Iya za ta je saro ganyen wankan jego. Ba kowa a gidan, don haka ta kawo yaron ɗakin Tasalla, ta ajiye shi a tabarma, ta fita. Ta kai bakin zaure sai ta tuna ta bar lauje. Ta juyo. Tana shiga tsakar gida ta ji tsit. Kwana biyar ba ta ji gidan nan shiru ba. Ta ce a ranta shi ke nan, yaro ya tafi. Ta lallaɓa ta leƙa ta jikin asabari.

Me za ta gani? Tasalla ta jawo tabarmar har gindin gadonta. Ta kwanta a bakin gado, ta zuro hannu ƙasa, tafinta a kan ƙirjin yaron. Gadon da tsawo, kafaɗarta har rawa take don gajiya, amma ba ta ɗauke ba. Tana ce masa a hankali, "Yi barci, nawa. Ga ni nan." Yaro kuwa ya saki jiki, baki buɗe, yana barci.

Iya ta ja baya, takalminta ya taɓa kwano. Tasalla ta fizge hannu, ta juya bango, ta ja zane ta rufe kai. Yaro ya farka, inyaa.

Da wata tsohuwar ce, da sai ta shiga ta ce na gan ki, yarinya ta kasa haɗa ido da ita har abada. Iya Barmani ba haka take ba. Ta koma zaure, ta yi tari, ta sake shigowa tana faɗa da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji.

"Ni na gaji. Wannan mijin nawa ya hana ni sakat, ba zai sake kwana ɗakina ba. A kai shi can ya dami wadda ta kawo shi."

Ta shiga ɗakinta ta ɗauko tsohon lefenta, kwandon kaba da take zuba audugar kaɗi. Ta bar audugar a ciki, ta shimfiɗa tsumma mai laushi. Nomau ya dawo, ta sa shi ya mirgino turmi, ya kife shi a jikin gadon Tasalla. Ta ɗora lefen a kai, bakinsa ya zo daidai da bakin gado, ta ɗaure shi tam da igiya a ƙafar gadon. Ta kwantar da yaro. Sannan ta ɗauko wani faffaɗan zane, ta rufa daga kafaɗar Tasalla har gefen lefen, ta bar fuskar yaron a buɗe, ta ce saboda ƙuda ne.

Tasalla tana kallon bango. Amma zanen nan ya ɗan motsa, kamar wani abu na tafiya a ƙarƙashinsa. Yaro ya ja ajiyar zuciya, ya yi shiru.

Gado ya yi?

Ya yi!

Ya yi. 'Yan barka suka yi ta shigowa, suna yaba kunyar Tasalla, wai ko kallon yaron ba ta yi. Ba wanda ya tambayi inda hannunta na dama yake. Yaro ya yi barci, ya tashi ya kama nono, ya koma. Ranar suna da wanzami ya zo aski, sai da mutum biyu suka riƙe shi don ƙarfi.

Kyanwa ta ga gado na huɗu ya fi nata uku. Ta lallaɓo ta sa ƙafa a bakin lefen, sai hannu ya fito daga ƙarƙashin zane ya make ta a hanci. Ta fita da gudu. Iya ta tattara sheƙa da ɓawo ta hura wutar ruwan wanka, ƙoƙon kuma aka mayar wa Kunkuru.

Da yamma Nomau ya tsaya a bakin ƙofa, wai igiya yake nema. Ya dubi lefen, ya ce shi ya sha wahalar yawo a banza, ashe gadon yana ɗakin Iya, ta yaya ta san zai yi? Iya ba ta dube shi ba. Shi ma ɗanta ne na fari, shekara talatin ba ta taɓa faɗin sunansa ba. Ta gyara bakin zanen, ta ce wa Tasalla, "Wani ma a ciki ya yi barcinsa. Shi ma bakinsa ba ya rufuwa."

Nomau ya sunkuyar da kai ya fita, ya manta da igiyar. Tasalla ta yi dariya a cikin zane, karo na farko tun da ta haihu.

Tun daga ranar, in za a zaɓa wa jariri makwanci, ba a tambayar tsuntsu ko dabba. Uwar ake sawa ta kwanta ta miƙa hannu, inda tafinta ya sauka nan ne wurinsa. Ita kuwa Kyanwa har yau ba ta daina nema ba. Shi ya sa duk kwandon da kuka ajiye, kafin ku juya ta shige ciki.

Ƙurunƙus kan Kyanwa mai gado uku. Wanda ya ce ƙarya na yi, ya je ya tambayi turmin.